Yadda ake shawo kan murar alaji ta lokacin furen ciyayi

Atishawa ɗaya ba ta zama abin magana. Amma ka farka da safe ka jero goma sha biyu ba ko numfasawa, hanci yana zuba kamar famfon da aka manta a buɗe, ido ya yi jajir yana ƙaiƙayi har ka ji kamar ka ciro shi ka wanke ka mayar, can cikin ganɗa kuma wani ƙaiƙayi ya maƙale inda harshe ba ya kaiwa. Kafin rana ta take ka jiƙa hankici biyu, kai ya yi nauyi, kowa yana tambaya ko kuka ka yi. In haka take yi maka kowace shekara, kuma kusan a watanni iri ɗaya, to alaji ne ga ƙurar fure, wato bununin da ciyawa da bishiyoyi ke saki cikin iska.

Turawan Ingila sun sa mata suna mai ma'anar "zazzaɓin busasshiyar ciyawa", kuma sun yi kuskure sau biyu a suna ɗaya, don ba ta sa zazzaɓi, busasshiyar ciyawa kuma ba ita ce mai laifin ba. Likita John Bostock, wanda ya yi fama da ita tun yana yaro, shi ya fara bayyana ta ga likitocin Landan a 1819, sai dai ya ɗora laifin a kan zafin rana. A 1873 ne Charles Blackley na Mancesta ya kama ɓarawon. Shi ma tana damunsa, sai ya mai da kansa abin gwaji: ya riƙa shaƙar bununi iri-iri, yana karce fatarsa yana shafawa, har ya ɗaura gilasai masu danƙo a jikin jirgin takarda irin wanda yara ke sakewa da zare, don ya ga iya nisan da ƙurar ke kaiwa a sama.

Abin da na lura da shi, a kaina da kuma a wasu masu wannan lalura, shi ne masu cewa "babu maganin da ban gwada ba" gaskiya suke faɗa, sun gwada ɗin. Sai dai yawanci ɗayan uku ne: ko sun fara bayan hanci ya riga ya kumbura, ko suna fesa magani inda bai kamata ba, ko sun ajiye shi a rana ta uku don ba su ga canji ba.

Kafin matakan, ga abin da ke faruwa a cikin hancin, don shi zai nuna maka dalilin kowane mataki. Garkuwar jikin mai alaji tana ɗaukar bununi, wanda ba ya cutar da kowa, a matsayin abokin gaba. Sai ta ƙera masa wani sinadari mai suna IgE, ta girke shi a fatar cikin hanci da ta ido. Da bununi ya sauka, cikin 'yan mintoci ƙwayoyin da ke wurin su saki histamin, shi ne mai kawo atishawa da ƙaiƙayi da zubar majina. Wannan zagaye na farko ke nan. Bayan awa 4 zuwa 8 sai na biyu ya biyo baya, fatar cikin hanci ta kumbura, hanci ya toshe, barci ya gagara. Kuma hancin da ya kumbura ya fi saurin fushi: yawan bununin da bai dame ka ba a makon farko, a mako na huɗu zai iya kayar da kai, har hayaƙi da turare su ma su shiga sahu.

Mataki na 1: tabbatar ba mura ba ce

Mura tana zuwa da ciwon maƙogwaro da kasala, wani lokaci da ɗan zazzaɓi, majina ta yi kauri ta canza launi, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Alaji kuwa majinarsa ruwa ce garau, yana ɗaukar makonni, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma babbar alamarsa ƙaiƙayi: a hanci, a ido, a ganɗa, har cikin kunne. Antibayotik ba shi da aikin yi a nan ko kaɗan, don babu ƙwayar cutar da zai kashe.

Mataki na 2: gano abokin gabarka da watan da yake zuwa

Samu ɗan littafi, ko ka buɗe shafi a waya. Kowace rana layi ɗaya ya isa: kwanan wata, inda ka yini, yadda iska take, da yadda hancin ya yi maka, daga sifili zuwa uku. Abu ne mai gundura, na sani, amma bayan shekara guda za ka riƙe abin da likita ba zai iya ba ka ba, wato ranar da lokacinka ke farawa. Duk sauran shirin a kan wannan ranar yake.

Mutane kan zargi furanni masu kyau da ƙamshi, alhali su ba kasafai suke da hannu ba. Bununinsu mai nauyi ne da danƙo, ƙudan zuma ne ke ɗaukarsa daga wannan fure zuwa wancan. Masu laifin su ne tsirran da suka dogara da iska, waɗanda furensu ko kallo bai isa ba, suna zubar da ƙura mara nauyi da ke tafiyar kilomitoci. Ciyawa ce kan gaba a yawancin duniya. A arewacin Turai bishiyar bac tana wahalar da mutane, a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum zaitun, a Japan bishiyar sugi, a Amurka kuma wata ciyawa da ake kira ragwid. A Ingila, misali, bishiyoyi ne ke farawa daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu, ciyawa ta karɓa zuwa Yuli, sauran tsirran daji su ja har Satumba. Kowace ƙasa da nata jadawalin, shi ya sa littafinka ya fi na kowa.

In littafin ya nuna babu hutu, shekara zagaye kana atishawa, musamman da dare ko lokacin shara, to ka juyo cikin gida. Akwai ƙananan ƙwari da ido ba ya gani masu zama cikin katifa da filo da darduma, akwai gashin kyanwa da kare, da kyankyaso, da fumfunar bango mai danshi.

Inda abin ya ƙi fitowa fili, akwai gwaji. Ana ɗiga ruwan abubuwan da ake zargi a fatar hannu, a ɗan tsikara kowanne, cikin minti 15 zuwa 20 wanda jikinka ba ya so zai tasa kamar cizon sauro. Dole ka dakatar da ƙwayar alaji na wasu kwanaki kafin gwajin, in ba haka ba za ta ɓoye sakamakon. Wanda ba zai iya dakatarwa ba ana yi masa gwajin jini.

Mataki na 3: rage abin da ke shiga hanci

Ba wanda zai daina shaƙar iska, don haka kada ka sa rai wannan matakin shi kaɗai zai warkar da kai. Rage kaya ne kawai, don magani ya samu sauƙin aiki.

Bununi ya fi yawa a ranar zafi da bushewa da iska, kuma sau da yawa da sassafe da kuma yamma idan iska ta fara sanyi yana saukowa. Ruwan sama mai ɗorewa yana wanke shi. A lokutan da bununi ya yi yawa rufe tagar ɗakin kwana da ta mota. In za ka fita, sa tabarau mai rufe gefen ido, ka shafa ɗan Vaseline a bakin ƙofofin hanci don ya kama wani abu kafin ya shige. Ranar da za ka yanke ciyawa ko ka yi aiki a cikinta, takunkumi yana taimakawa sosai, ko da yake in da mai karɓar maka aikin ya fi.

Wanda aka fi mantawa shi ne na dawowa gida. Bununi yana maƙalewa a gashi da gemu da tufafi, sai mutum ya kwaso shi ya kai kan filo, ya kwana yana shaƙa, da safe ya rasa dalilin da hancinsa ya fi ɓaci a ɗakin da ya rufe ruf. Cire kayan da ka yini da su a wajen ɗakin kwana, ka yi wanka ka wanke kai kafin ka kwanta. Kada ka shanya zanen gado a waje ranar da bununi ya yi yawa. Ƙura kuma a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, don kaɗe ta tayar da ita ne kawai. Mai alajin ƙwarin katifa ya riƙa wanke zanen gado da ruwa mai zafin digiri 60, ruwa mai ɗumi-ɗumi ba ya kashe su. Taba kuwa, taka ko ta wani, ƙara wa wuta fetur ce.

Mataki na 4: wanke hanci da ruwan gishiri

Wannan shi ne mafi sauƙi, kuma shi aka fi rainawa. Tafasa ruwa mililita 570, wato ya ɗan haura rabin lita, ka bar shi ya huce har ya zama ɗumi-ɗumi. Zuba ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri da ɗaya na bekin soda, ka motsa su narke. Sodan ne ke hana shi yin zafi a hanci. Akwai kuma wanda aka riga aka haɗa a ƙunshi, da robar matsawa da aka yi don wannan aikin.

Tsaya a gaban wurin wanke hannu, ka sunkuya, ka karkata kai gefe, ka buɗe baki kana numfashi ta nan. Matsa ruwan a hankali cikin ƙofar hancin da ke sama, zai zagaya ya fito ta ta ƙasa. Juya ka yi wa ɗayar, sannan ka fyace a hankali. Karon farko za ka ji kamar ka nutse a kogi, hawaye su zubo. Zuwa karo na uku ka saba. Sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar, kuma a haɗa sabo kullum.

Batun tafasa ruwan ba ƙa'idar banza ba ce. Ruwan da ciki zai karɓa lafiya, hanci ba lallai ya karɓa ba. Akwai wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi wadda in ta shiga ta hanci takan kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru kusan ba a tashi. A bar ruwa ya yi minti ɗaya yana tafasa, a wanke robar a bar ta ta bushe bayan kowane amfani.

Mataki na 5: zaɓi ƙwayar da ta dace

Magungunan da ke tare histamin gida biyu ne. Tsofaffin, irin su kulofeniramin da aka fi sani da Piriton, da difenhaidiramin da furometazin, suna aiki, amma suna ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Suna sa barci, suna busar da baki, kuma nauyin kai yakan kai har washegari ko da mutum yana jin ya wartsake. Direba da mai aiki da inji da ɗalibin da ke shirin jarrabawa su nisance su. Ga tsofaffi kuma sukan kawo ruɗewa da faɗuwa da riƙewar fitsari. Wasu suna cewa ai gara, tunda suna sa barci da dare. Barci ne mara daɗi, ka tashi kamar wanda aka yi wa duka.

Sababbin su ne abin nema: setirizin miligiram 10, ko loratadin miligiram 10, ko feksofenadin miligiram 120 ko 180, ƙwaya ɗaya a rana ga babba. Setirizin yana saurin kamawa, sai dai yakan sa wasu gyangyaɗi, don haka fara gwada shi da yamma. Feksofenadin shi ne mafi ƙarancin sa barci, amma yana da sharaɗi: da ruwa zalla ake shansa, don ruwan lemo ko na tuffa yana hana hanji tsotse shi yadda ya kamata, haka ma maganin ƙwannafi mai aluminiyam ko maganiziyam in an sha su tare. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita adadin da zai sha. In ɗaya bai yi maka ba bayan mako ɗaya ko biyu, sauya zuwa wani, don jiki da jiki ba ɗaya ba ne. Abin da ba a yi shi ne haɗa biyu ko ninka adadi da kanka.

A lokacin bununi kullum ake sha, ba sai atishawa ta fara ba. Amma ka san iyakarta: ƙwaya tana maganin atishawa da ƙaiƙayi da zuba, toshewar hanci kuwa kaɗan take taɓawa, don toshewa ta zagaye na biyu ce.

Mataki na 6: feshin hanci, da yadda ake fesa shi

In alajinka ya kai ga hana barci ko toshe hanci, nan ne gidan maganin. Feshin hanci mai sitiroyid, irin su fulutikason da mometason da budesonaid da beklometason, shi ne mafi ƙarfin magani guda da ake da shi ga wannan lalura, don yana kwantar da kumburin kansa, har ido yakan samu sauƙi.

Kalmar sitiroyid tana tsorata mutane, kuma suna da hujja in na sha ne ko na allura. Na feshi adadinsa ƙanƙane ne, a hanci yake aikinsa, abin da ke shiga jini ɗan mitsitsi ne, musamman fulutikason da mometason. Duk da haka, mai hawan jinin ido, da mai shan maganin ƙanjamau irin ritonabir, da wanda aka yi wa aikin hanci kwanan nan, su fara magana da likita.

Sharaɗinsa na farko lokaci. Ba ya buɗe hanci nan take. Sai ya yi kwanaki ka fara ji, kuma yakan kai mako biyu kafin ya kai ƙarfinsa. Don haka duba littafinka, ka ƙirga mako biyu baya daga ranar da lokacinka ke farawa, ka fara a ranar, lokacin da hancin yake lafiya lau. Farawa bayan hanci ya toshe ihu ne bayan hari. Zai yi aiki daga baya, amma ka riga ka sha wuyar da ba dole ba. Kuma kullum ne har lokacin ya wuce, har da ranakun da ka ji garau, don jin garau ɗin aikinsa ne.

Sharaɗi na biyu hannu. Shekaru na yi ina ɗaga kai sama, in cusa kwalba, in fesa, in ja numfashi da ƙarfi har in ji ɗacin maganin a maƙogwaro, ina murna wai ya shiga. Ashe haɗiye shi nake yi. Ga yadda ake yi:

Fara wanke hanci da ruwan gishiri ko ka fyace, ka ɗan jira ya tsane, don maganin ya sauka a kan fata ba kan majina ba. Girgiza kwalbar. In sabuwa ce, ko ta kwana biyu ba a taɓa ta ba, fesa a iska har ka ga feshi mai laushi ya fito. Sunkuyar da kai kaɗan kamar mai kallon yatsun ƙafarsa. Riƙe kwalbar da hannun dama don ƙofar hagu, da hannun hagu don ƙofar dama. Wannan sauyin hannu shi ne sirrin: yana karkata bakin kwalbar waje, wajen kunnen wannan gefen, nesa da bangon da ya raba hanci biyu. Bangon nan fatarsa siririya ce cike da jijiyoyin jini, kuma fesa masa magani kullum shi ke jawo haɓo da mutane ke kuka da shi. Kumburin kuma a gefen waje yake, can ake son maganin ya sauka. Sa bakin kwalbar ciki kaɗan, ka danna kana shaƙa a hankali kamar mai sansanar fure, ka fitar da numfashi ta baki. In ka ji ɗaci a maƙogwaro, ka ja da ƙarfi ke nan. Kada ka fyace nan da nan. Goge bakin kwalbar ka rufe.

Ga babba, yawancinsu fesawa biyu ne a kowace ƙofa sau ɗaya a rana, a rage zuwa ɗaya idan abin ya lafa, amma takardar da ke cikin kwalin ita ce alƙali. Ajiye kwalbar kusa da buroshin haƙori, ba za ka manta ba. In ka ga ɗan jini a hankici, huta kwana biyu, ka gyara hannunka, ka ci gaba.

Wanda ba ya iya jira akwai feshin azelastin, mai tare histamin, yana kamawa cikin kamar minti 15, sai dai ɗaci gare shi. Akwai kuma wanda aka haɗa shi da fulutikason a kwalba ɗaya, irin Dymista, wanda likitoci kan koma gare shi in feshi ɗaya bai isa ba.

Mataki na 7: ido

Kada ka murza. Murzawa tana ƙara fasa ƙwayoyin da ke sakin histamin, daɗin daƙiƙa biyar ya jawo awa guda na wahala. Jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi ka ɗora a kan rufaffen ido na minti 5 zuwa 10. Ɗigon hawayen roba, wato ruwan ɗigawa a ido da aka haɗa kamar hawaye, yana wanke bununi, kuma ya fi daɗi in ya kwana a firij. In hakan bai isa ba, akwai ɗigon olopatadin ko ketotifen, yawanci sau biyu a rana, ko kuromogilaket, wanda sai an jure sau huɗu a rana kuma shi ma gara a fara shi da wuri. Mai sa gilashin da ake manna wa ƙwayar ido ya koma tabarau har lokacin ya wuce.

Ɗigon ido mai sitiroyid kuwa kada ka sa shi sai likitan ido ya rubuta kuma yana duba ka. Yana share ja cikin kwana ɗaya, amma yawan amfani da shi yana kawo hawan jinin ido da yanar ido, garin neman gira a rasa ido.

Ramukan da ake faɗawa

Na farko ni kaina na faɗa cikinsa. Wani abokina ya miƙo mini 'yar kwalba ya ce cikin minti biyar zan ji hancina ya buɗe. Bai yi ƙarya ba, daren nan na yi barcin da na yi wata ban yi ba. Bayan mako biyu sai ga ni ina fesawa sau shida a rana, kwalba ɗaya a aljihu ɗaya ƙarƙashin filo, in ta ƙare hankalina ya tashi. Waɗannan su ne feshin oksimetazolin da zailometazolin, irin Otrivin da Afrin. Suna matse jijiyoyin jinin hanci, da sun sake sai hancin ya kumbura fiye da da, ka sake fesawa, haka dai. A wasu ƙasashe an rubuta a kwalin kada a wuce kwana 3, a wasu kwana 7, ɗauki ƙaramin. Wanda ya riga ya kamu ya fara feshin sitiroyid, ya yaye ƙofa ɗaya tukuna sannan ɗayar, ya shirya wa mako ɗaya ko biyu na toshewa. Tana wucewa.

Ƙwayoyin buɗe hanci na sha su ma a yi hattara. Sudo'efedirin yana ɗaga hawan jini, yana sa bugun zuciya da rashin barci. Fenilefirin na sha kuwa, a 2023 kwamitin ƙwararru na hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ya ce ba ya buɗe hanci a adadin da ake sayar da shi.

Sai allurar sitiroyid mai daɗewa a jiki, irin Kenalog, wadda ake cewa ɗaya ta isa shekara. Tana aiki, shi ya sa take da farin jini. Amma da ta shiga ba mai iya ciro ta, makonni za ta yi tana yawo a jini, tana iya ɗaga suga da hawan jini, ta raunana ƙashi da garkuwar jiki. Ƙwararrun alaji ba sa ba da shawararta don atishawa. Montelukas kuma, maganin asma da alaji da aka fi sani da Singulair, a 2020 hukumar nan ta Amurka ta sa masa gargaɗi mafi tsanani saboda yana iya taɓa hankali, daga munanan mafarkai har baƙin ciki mai tsanani, don haka ba da shi ake farawa ba. Zuma kuwa, da wasu ke cewa tana maganin alaji, sha abarka don daɗi, amma bununin da ke cikinta galibi na furannin da ƙudan zuma ke ziyarta ne, ba na ciyawar da ke sa ka atishawa ba.

Mai ciki da mai shayarwa su fara da ruwan gishiri, su guji magungunan buɗe hanci, sauran su tambayi likita. Loratadin da setirizin na cikin waɗanda aka saba ba su. Yaro kuma ba a raba masa ƙwayar babba da ka, kowane magani da shekarun da ake fara ba da shi da adadinsa.

Mataki na 8: lokacin zuwa wurin likita

Wasu alamun ba na alaji ba ne, kada a tsaya gwaje-gwaje a gida: toshewa ko zuba ta ƙofa ɗaya kawai, majina mai jini da ta ƙi tsayawa, daina jin ƙamshi, ciwon fuska da zazzaɓi, ko ido mai ciwo da ba ya son haske ko gani ya ragu. Kumburin leɓe ko harshe tare da wahalar numfashi kuwa na gaggawa ne, a tafi asibiti a take.

Hanci da huhu hanya ɗaya ce, shi ya sa masu asma da yawa suke da wannan alajin, kuma in hanci ya ɓaci ƙirji yakan biyo baya. Tarin dare, ko numfashi mai fito, ko jin an ɗaure ƙirji a lokacin bununi, a gaya wa likita. Ranar 21 ga Nuwamba 2016 hadari ya taso a birnin Melbon na Ostireliya ana tsakiyar furen ciyawa. Danshi ya farfasa ƙwayoyin bununi suka zama ɓarɓashin da ke shiga har can cikin huhu, iska ta watsa shi cikin gari. Dubban mutane suka cika asibitoci, 10 suka rasu, kuma da yawa cikin waɗanda abin ya kama ba su taɓa sanin suna da asma ba, atishawa kawai suka sani. In hadari ya haɗo a lokacinka, shiga ɗaki ka rufe taga tun kafin iskar farko ta iso, mai asma kuma abin shaƙarsa ya kasance a hannu.

In ka yi wata guda kana wanke hanci, kana fesawa daidai kullum, kana shan ƙwaya, amma har yanzu ba barci ba aiki, to tambayi likita batun horar da garkuwar jiki. Leonard Noon ne ya fara shi a asibitin St Mary's na Landan a 1911, kuma har yau shi kaɗai ne ke taɓa tushen lalurar. Ana ba jiki abin da yake ƙi, kaɗan-kaɗan, har ya saba ya daina bori, ko ta allura a asibiti, inda za ka zauna minti 30 bayan kowace allura ana lura da kai, ko ta ƙwaya da ake sawa ƙarƙashin harshe kullum a gida bayan an sha ta farko a gaban likita. Shekara 3 ake yi, sauƙin kuma yakan ɗore shekaru bayan an daina. Sai gwaji ya tabbatar da ainihin abin da jikinka ke ƙi, kuma ba a yi wa wanda asmarsa ba ta kwanta ba. Ba a fara shi a tsakiyar lokacin bununi. Ƙwayar ƙarƙashin harshe ta alajin ciyawa, misali, kamar wata 4 kafin lokacin ake farawa. Wato in littafinka ya nuna a Mayu hancinka ke fara bori, a Janairu ya kamata ka kasance zaune gaban likita, da littafin a hannu, hanci a bushe.